Sansa guda, kwana 23

Wata Talata a watan Nuwamba, da duku-duku, ina kan hanya daga Brae zuwa wurin aiki a Lerwick, babban garin tsibiran Shetland, sai wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Ta ABS ce, na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki a kan santsi. Mota na tafiya lafiya, birki na ci. Da a Kano ne ko kallonta ba zan yi ba sai an yi albashi. Motoci nawa ne ke yawo a Zoo Road da fitilu uku a kunne kamar gidan biki? Amma a Birtaniya, da zarar mota ta cika shekara uku, duk shekara sai an kai ta gwajin lafiya da suke kira MOT, kuma wannan fitilar ita kaɗai ta isa a kayar da ita. Motar da ta faɗi gwajin ba ta da hurumin hawa titi bayan takardarta ta ƙare. Tawa saura kwana 26.

Ga wanda bai sani ba, Shetland tarin tsibirai ne a can ƙuryar arewacin Sikotlan, mutanenta wajen dubu 23. Tsakaninmu da Aberdeen tafiyar dare guda ce a jirgin ruwa: a tashi ƙarfe 7 na yamma, a isa 7 na safe, idan kuma ranar biyawa ta Orkney ce a ƙara awa biyu. Burodin kanti, siminti, katifa, tayar mota, kusan komai ta wannan hanyar yake shigowa.

Bakanikenmu dattijo ne mara yawan magana. Ya jona kwamfutarsa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce sansar tayar baya ta hagu ce, wato 'yar na'urar da ke gaya wa ABS saurin juyawar taya, gishiri ya cinye wayarta. A nan gishiri biyu ke cin mota, wanda iska ke kwasowa daga teku da wanda ake watsawa a titi don ƙanƙara. Salansa da bututun birki su ne abincinsa. Sai ya tambaye ni ko motar tana da sauran garanti. Na ce ƙwarai, har da ɗan alfahari, saura shekara guda. Ya yi murmushi irin na wanda ya san ƙarshen labari.

Garantin gaskiya ne, ba su yi ƙarya ba. Sabis na yau da kullum ina iya yinsa a kowane gareji ba tare da ya lalace ba. Sai dai gyaran kyauta, dilan da kamfani ya amince da shi ne kawai zai yi, kuma irin motata ba ta da dila a tsibirin. Wasu kamfanonin suna da wakilai a Lerwick, ni ne ban tambaya ba ranar da na saye ta a Ingila, lokacin ban ma san zan zo nan ba. Na buga wa dilan Aberdeen waya. Wata baiwar Allah mai ladabi ta ce in kawo motar ranar Alhamis ƙarfe 9, su duba, idan sun tabbatar sai su yi odar kayan in dawo mako mai zuwa. Na ce, “Baiwar Allah, kin san daga inda nake magana?” Ta ce ta sani, ƙa'ida ce.

Na zauna da biro. Kuɗin mota a jirgi zuwa da dawowa, ɗakin kwana a ciki, hutun kwana biyu daga aiki, sannan a maimaita duka sau biyu. Kyautar ta fi saye tsada ninkin ba ninkin. Na haƙura da garanti, na ce zan saya da kuɗina.

Da dare na ba Yayana labari a waya. Ya yi dariya har da tari. “Kai ɗan nan, wannan ɗan abin? Turo min hotonsa, gobe in shiga Ƙofar Ruwa in samo maka ɗan Beljiyam kafin azahar.” Na ce, “Yaya, samun ba shi ne matsalar ba, isowar ce.” Bai gane ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya tashi inda ake cire abu daga motar da ta mutu a ɗaura wa mai rai a cikin awa guda, yaro ya hau babur ya dawo da shi a leda, ta yaya zai yarda cewa a ƙasar Turawa ana jiran waya mai tsawon kamu biyu har mako uku?

Sayayya ta intanet a nan wani darasi ne. Shago zai rubuta da manyan baƙaƙe cewa kai kaya kyauta ne ko'ina a Birtaniya. Kana sa lambar yankinmu mai farawa da ZE, sai kyautar ta ɓace, a ɗora maka kuɗin da wani lokaci ya fi na kayan, ko a ce sam ba sa kaiwa sai babban yankin ƙasa, wanda suke kira Mainland. Abin dariyar, babban tsibirin da nake zaune a kai sunansa ke nan a taswira, Mainland. Na taɓa rubuta wa wani shago haka, ba su amsa ba. Wanda ke fitar da mu kunya shi ne gidan waya na asali, domin tun 1840 Birtaniya ta tsayar da kuɗin wasiƙa iri ɗaya komai nisan gari, kuma har yau abin da za ka biya ka aika ƙaramin ƙunshi unguwar gaba a Landan, shi za ka biya zuwa Unst, tsibirin da sai ka hau jirgin fito biyu daga nan kafin ka taka shi. Da wannan hanyar kukar Hajiya da daddawarta ke iso mana, bayan wani ya sauke su a Landan. Saboda haka na nemi shagon da ke aikawa ta gidan waya, na samu a na huɗu.

Sai iska ta taso. Dare biyu jirgi bai tashi ba, kantocin Lerwick suka koma fayau a sashen burodi da ganye. Jiragen sama na filin jirginmu da ke Sumburgh ma suka tsaya. Ba wanda ya yi ƙorafi. Mutanen nan sukan duba hasashen yanayi kafin su duba lambar bin sawun kaya, ni ma yanzu na koya. Ƙunshin ya iso rana ta 11. Dattijo ya buɗe, ya juya shi a tafin hannu, ya miƙo min. Ta tayar gaba suka aiko.

Na mayar, na sake oda, na fara lissafin motar haya da yadda zan roƙi a canja min lokutan aiki su dace da bas. Kwanakin nan rana ba ta cika awa bakwai a sama, tumaki kuma na kwanciya a kan kwalta, ga ƙanƙara. Tuƙi ba ABS a irin wannan hanya sai da addu'a.

Uwargida ce ta warware. Ta ji a bakin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai saƙa rigunan ulu, cewa za ta “kudu” ganin jikokinta. Haka suke cewa, duk abin da ke hayin teku kudu ne. Na ji nauyin tambaya, uwargida ba ta ji ba. Na biya dilan ta waya, tsohuwar ta hau tasi ta karɓo a kantarsu, ta dawo da shi cikin jakar hannu tare da zarenta. Na kai mata kuɗin tasi ta ƙi karɓa, ta ce ita ma wani ne ya taho mata da belin injin wanki bara. Washegari uwargida ta soya mata cincin.

Minti 20 dattijo ya yi ya ɗaura. Fitila ta mutu rana ta 23, mota ta ci gwaji saura kwana biyu.

Mako guda bayan nan mai kawo wasiƙa ya ƙwanƙwasa, ga oda ta biyu, wannan karon daidai. Ban mayar ba. Tana cikin kwali a ƙarƙashin bene tare da ƙwayayen fitila, robar goge gilashi da matatar mai, domin dattijo ya ce iri ɗaya ce da ta dama, kuma wayar ta daman ma ta fara kore.