Lissafin yawan mabiya Sikh: a fara ƙirga 'yan mata

Abin da na zauna in warware shi ne dalilin da ya sa mabiya addinin Sikh a Indiya suka ƙaru da kashi 8.4 cikin ɗari kacal tsakanin ƙidayar 2001 da ta 2011, alhali al'ummar ƙasar gaba ɗaya ta ƙaru da kashi 17.7. Amsar da ke bakin kowa ita ce sun rage haihuwa. Sun rage ɗin kuwa. Amma da na bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar ruwan ta ɓaraka huɗu yake zurarewa, kuma wanda ya ga guda ɗaya ya tsaya, maganin da zai bayar ba zai dace da ciwon ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Indiya tana tambayar addini a ƙidayarta, abin da ƙidayar Nijeriya ta 2006 ba ta yi ba, don haka akwai tushen da za a ɗora lissafi. Jadawali biyu na ƙidayar na riƙe: C-01, mai kawo yawan mabiya kowane addini jiha-jiha, da C-15, mai rarraba su bisa shekaru da jinsi. Na haɗa da rahotannin binciken lafiyar iyali na ƙasar, wanda ake kira NFHS, sai kuma ƙidayar ƙasashen da 'yan Sikh suka fi yin ƙaura. Ƙidayar 2021 an ɗage ta saboda korona, saboda haka ta 2011 ce ta ƙarshe a hannu, kuma duk wanda ya kawo maka yawansu na bana, hasashe ya yi.

Tuntuɓen farko a waƙafi yake. Indiyawa suna ƙirga da lakh, wato dubu ɗari, da crore, wato miliyan goma, kuma a haka suke sa waƙafin lamba. Za ka ga an rubuta 2,08,33,116. Wannan shi ne 20,833,116, yawan 'yan Sikh a 2011. A 2001 sun kai 19,215,730. Ka cire duk waƙafin kafin ka zuba a Excel, in ba haka ba zai iya ɗaukar lambar a matsayin rubutu ya tsallake ta wajen tarawa ba tare da ya gargaɗe ka ba. Bambancin lambobin biyu mutum 1,617,386 ne. Kada a raba 8.4 gida goma a ce shi ne na shekara, domin ƙaruwa kan ƙaruwa take hawa. Lissafin daidai yana ba da kusan kashi 0.81 a shekara, na ƙasa kuma 1.64. A wannan tafiyar sai an yi shekara 86 kafin yawansu ya ninka.

Tuntuɓe na biyu ya fi haɗari domin ba ya nuna kansa. A 1991 ba a yi ƙidaya a Jammu da Kashmir ba, a 2001 kuwa an yi. Idan ka ɗora miliyan 19.22 na 2001 a kan miliyan 16.26 na 1991 kai tsaye, za ka samu ƙarin kashi 18.2. Amma akwai 'yan Sikh sama da dubu ɗari biyu a Jammu da Kashmir da suka shigo lissafin 2001 ba don an haife su a tsakani ba. Da na cire su, sai ƙarin ya koma 16.9. Irin wannan gyaran ake yi wa Assam, inda ba a yi ƙidaya a 1981 ba. Haka nan Punjab ta kafin Nuwamban 1966, lokacin da aka yanke Haryana daga cikinta, ba ita ce Punjab ta yau ba, kuma jera su a layi ɗaya ɓata aiki ne.

Bayan gyara, hoton ya fito: daga 16.9 zuwa 8.4, an rage rabi cikin shekara goma. Kasonsu a ƙasar ya sauko daga 1.87 zuwa 1.72. A Punjab, inda kusan uku cikin huɗunsu suke zaune, sun tashi daga miliyan 14.59 zuwa miliyan 16.0, amma kasonsu a jihar ya sauka daga 59.9 zuwa 57.7, wani ɓangare saboda 'yan ƙwadago da ke shigowa daga Bihar da Uttar Pradesh. A tuna cewa kaso yana iya sauka alhali yawan mutanen na hawa. Mutane da dama suna cakuɗa waɗannan biyun su ce al'ummar tana ƙarewa.

Sai ɓaraka ta farko, haihuwar kanta. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne adadin 'ya'yan da mace za ta haifa a rayuwarta idan yanayin yanzu ya ɗore. Ga matan Sikh, NFHS na 1992-93 ya ba da 2.4, na 2005-06 ya ba da ƙasa da 2 kaɗan, na 2015-16 ya ba da 1.58, na 2019-21 kuma 1.61, lokacin da na ƙasar ya tsaya a 2.0. Na ga masu ɗaukar tashin nan daga 1.58 zuwa 1.61 a matsayin alamar farfaɗowa. Ba na yarda da hakan. Matan Sikh kaɗan ne a cikin waɗanda aka yi wa tambaya, lissafin kuma daga haihuwar shekara uku kafin binciken ake yin sa, don haka bambancin 0.03 bai fi girgizar ma'auni ba. Abin da za a riƙe shi ne 1.6, sau biyu a jere. Akwai kuma abu biyu da za a kiyaye. Yawan mutanen gida ba shi ne yawan 'ya'ya ba, domin a ƙauyukan Punjab kaka da 'ya'yansa maza da matansu kan zauna gida ɗaya, gidan ya cika alhali kowace mace biyu gare ta ko ɗaya. Sa'annan jinkirta aure, wanda karatu da shirin fita waje suka kawo, yana danne wannan ma'aunin na ɗan lokaci ko da matan za su haihu daga baya.

To idan 1.6 ne, ƙasa da 2.1 da ake buƙata don tsara ta maye gurbin kanta, me ya sa yawansu bai fara raguwa ba a 2011? Domin 'ya'yan da aka haifa lokacin da ake haihuwa da yawa su ne iyayen lokacin. Kamar babbar mota ce da aka kashe wa inji tana cikin gudu: za ta ci gaba da tafiya kafin ta tsaya.

A jadawalin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai na fi daɗewa, domin a nan gizo ke saƙar, a nan kuma ɓaraka ta biyu take: 'yan matan da aka rasa. Da farko sai an lura da yadda Indiya ke rubuta wannan ma'aunin: mata nawa ga maza dubu, saɓanin yawancin duniya da ke cewa maza nawa ga mata ɗari. A tsarin Indiya ƙaramar lamba ce mummuna. A 2001, yaran Sikh mata 786 ne ga maza dubu, mafi ƙanƙanta a duk addinan ƙasar. A 2011 ya hau zuwa 828. Don juyawa, raba dubu da lambar ka ninka da ɗari: 786 ya zama maza 127 ga mata ɗari, 828 ya zama 121. Yadda Allah Ya tsara halitta, wajen maza 105 ake haifa ga mata ɗari. Ratar da ke tsakanin 105 da 127 'yan mata ne da aka rasa, akasarinsu ba a bari sun zo duniya ba.

Mutane kan ce ai iyalai ne ke daina haihuwa da zarar sun samu namiji. Suna dainawa, amma wannan kaɗai ba ya karkatar da ma'aunin, domin kowane ciki da nasa rabon, ko na farko ne ko na biyar. Abin da ke karkatar da shi shi ne a duba jinsin ɗan tayi da na'urar hoton ciki, a zubar idan mace ce. Hanyar gane haka ita ce rarraba haihuwa bisa jeri: ta fari takan fito kusa da daidai, karkatar tana bayyana ne a ta biyu da ta uku a gidajen da suka fara da mace. Dalilan a bayyane suke: gona da ake so ta zauna hannun ɗa namiji kuma ba a so ta rarrabu, da ɗimbin dukiyar da gidan amarya ke kai wa gidan ango. Iyalin da ya ƙudurta 'ya'ya biyu kawai kuma dole da namiji a ciki, shi ne ya fi shiga wannan matsi. Addinin kansa ya haramta abin. Ƙa'idojin rayuwar Sikh, Rehat Maryada, sun hana hulɗa da mai kashe 'yarsa, kuma a 2001 Akal Takht, babbar kujerar hukuncin addinin da ke Amritsar, ta fitar da umarni a kan zubar da cikin mata. Gwamnati ta yi dokar hana bayyana jinsin ɗan tayi a 1994, ta tsananta ta a 2003. An samu sauƙi sosai: alƙaluman NFHS na 2019-21 sun nuna haihuwar Sikh ta dawo wajen maza 110 ga mata ɗari.

Ga lissafin da ya canja min fahimta. Maimakon 'ya'ya nawa mace ke haifa, na tambayi 'ya'ya mata nawa take haifa, tunda su ne iyayen gobe. Idan maza 105 ne ga mata ɗari, kason mata 100 cikin 205 ne, wato 0.488; ninka da 1.6, ka samu 0.78. Idan 127 ne, kason 100 cikin 227 ne, wato 0.44, da haihuwar 1.6 ɗin nan, 0.70 za ka samu. Ma'ana uwa ɗari za su bar 'ya'ya mata saba'in, tun ba a cire waɗanda za su rasu ko su yi ƙaura ba. A irin wannan karkatar, 2.1 ma ba ya isa maye gurbi. Sai mace ta haifi kusan 2.3. Kuma yaran da aka ƙirga a 2001, haihuwar 1994 zuwa 2001, su ne ke cikin shekarun haihuwa yau. Ko da kowace a cikinsu ta ƙara ɗa ɗaya, iyayen da aka rasa ba za su dawo ba. Shi ya sa kiran da shugaban Damdami Taksal, wata cibiyar koyar da addinin Sikh, ya yi a 2024, cewa kowane gida ya haifi biyar, na fahimci damuwar da ta haife shi, amma ina ganin bai taɓa tushen ba. Gidan da ke tsoron rarrabuwar gona da kuɗin aurar da 'ya ba zai haifi biyar don an yi kira ba.

Ɓaraka ta uku ƙaura ce. Kanada ta ƙirga 'yan Sikh 278,410 a 2001, kusan 455,000 a 2011, da 771,790 a 2021, wato kashi 2.1 na ƙasar, sama da kasonsu a Indiya. Ingila da Wales sun tashi daga wajen 423,000 a 2011 zuwa 524,000 a 2021, Ostareliya daga 72,000 zuwa 210,000. Ƙarin ƙasashen uku a wannan shekara goman ya haura 550,000, kusan sulusin abin da Indiya ta ƙara a shekara goman da ta gabace ta. Kada a ɗauki wannan duka a matsayin waɗanda suka bar Punjab, domin akwai haifaffun can a ciki. Lambar Kanada ta 2011 kuma daga binciken ganin dama ta fito, ba cikawar dole ba, tambayar addini a Ingila ma ba dole ba ce, ƙidayar Amurka kuwa ba ta tambayar addini sam, don haka ban sa ta a tarawa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne shekarun masu tafiyar: matasa ne, ɗalibai da sababbin ma'aurata. Kowane ɗaya da ya tashi, Punjab ta rasa shi ta kuma rasa 'ya'yansa, waɗanda za a ƙirga a Brampton ko Surrey na Kanada.

Ta huɗu ita ce abin da mutum ke faɗa wa malamin ƙidaya. Kashi 31.9 na mutanen Punjab 'yan Dalit ne, wato waɗanda tsarin aji na gargajiya ya ajiye a ƙasan kowa, kaso mafi girma a jihohin Indiya, kuma da yawansu suna da alaƙa da cibiyoyin ibada da ake kira dera. Bayan kisan Sant Ramanand, ɗaya daga cikin shugabannin Dera Sachkhand Ballan, a Vienna a 2009, mabiyan cibiyar sun ayyana Ravidassia a matsayin addini mai zaman kansa a farkon 2010, shekara ɗaya kafin ƙidaya. Gidan da aka rubuta Sikh a 2001 aka rubuta shi wani abu dabam a 2011, a takarda ya fita daga lissafi, alhali ba wanda ya mutu ko ya tashi. Wannan gunduma-gunduma ake bin sa, musamman yankin Doaba, wajen Jalandhar da Hoshiarpur, inda ƙaura ma ta fi ƙarfi, don haka a yi hattara kada a jingina raguwar ɗaya ga ɗayan.

Gwamnatin Indiya ta sa sabuwar ƙidaya a 2027. Idan jadawalin addini ya fito, layin da zan fara buɗewa shi ne na matan Sikh 'yan shekara 25 zuwa 34 a C-15, in ɗora shi a kan 'yan mata 'yan ƙasa da shekara goma na 2001, waɗanda kusan su ne wannan tsarar, sa'annan in yi wa maza haka. Abin da ya ragu bayan an cire mace-mace shi ne ƙaura da sauya addinin da aka rubuta a ƙidaya, kuma adadin matan da suka rage a wannan layin shi zai faɗi yawan jariran da za a haifa a gidajen Sikh na Indiya har zuwa wajen 2035.