Datsun mai hannun dama da na shekara bakwai ina nema

Duk wanda ya saba shigowa garejinmu ya san akwai wani lungu can ƙurya, bayan ramin da muke duba ƙarƙashin mota, da ba na bari yara su ajiye ko tsohuwar taya a ciki. Shekaru wurin yana nan fili, ana sharewa ana yayyafa ruwa, har abokan sana'a suka fara tsokanata wai na ware wa aljanu ɗaki. To yanzu lungun ya samu mai shi. Datsun 1600 ce mai ƙofa huɗu, wadda a Japan ake kira Bluebird 510, kuma sitiyarinta a hannun dama yake.

Yaran yanzu in ka ce musu Datsun sai su tsaya suna kallonka, don Nissan suka sani. Kamfani ɗaya ne. Tun farkon shekarun 1930 ake buga sunan Datsun a jikin ƙananan motocinsu, sai a shekarun 1980 suka janye shi suka bar Nissan kaɗai. Mu da muka taso a Kano lokacin da Datsun 120Y ke aikin tasi, akori-kurar Datsun na jigilar buhuna, Fijo 504 na hannun manyan ma'aikata, a kan waɗannan injina muka koyi riƙe sifana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya haɗa 1600 da kowace mota. In ya fara zancenta sai shayinsa ya huce. Daga bakinsa na fara jin cewa irinta ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1970, a hanyoyin da motocin Turai ke karyewa. A 1967 aka fito da ita, da inji L16 mai cc 1595, kamshaf a sama, sarƙa ke juya shi, birkin gaba na faifai, ƙafafun baya kuma kowace da zaman kanta, in ɗaya ta faɗa rami ɗayar ba ruwanta. A wancan zamani sai motocin masu kuɗi ake yi wa haka.

Abin da ya sa na nace sai mai hannun dama shi ne, har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972 a hagun titi ake tuƙi a Najeriya. Motar da ta shigo kafin ranar da sitiyarin dama ta zo. Bayan an sauya hannu, wasu aka mayar musu da sitiyari hagu, aka huda nan aka toshe can, wasu kuma aka ci gaba da lallaɓawa har suka mutu. Saboda haka in ka samu wadda ba a taɓa ba, ka samu shaidar wani zamani da ya wuce.

Neman ne ya fi gyaran wahala, kuma 'yan gwangwan ne suka jawo. Ba na zagin sana'ar kowa, kowa abincinsa yake nema, amma raina yana ɓaci in na tuna motocin da aka sare da gatari aka ɗora a sikeli aka sayar da kilo. Sau biyu ina zuwa a makare. Na farko a wani ƙauye ta hanyar Gusau, na tarar saura ƙofa ɗaya da aka jingine ana tare awaki da ita. Na biyu an riga an yanke bayan motar an yi amalanke. Na samu wata a Jos da kyan gani daga nesa, fenti sai ƙyalli, da na ɗora maganaɗisu a jikin ƙofar sai ya zame ya faɗi ƙasa. Fila ce zalla aka lafta, wato ƙullin nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, kaurinta ya kai ɗan yatsa. Mai ita har yana rantsuwa wai ba a taɓa buge ta ba.

Labarin wannan kuwa daga bakin wani direban babbar mota na ji shi, wanda ke kawo mana gyaran birki. Ya ce a Nguru, cikin wani tsohon gida kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai wata mota a ƙarƙashin rumfar kwano da kaji ke ƙwai a cikinta. Bai san sunanta ba, abin da ya riƙe kawai shi ne fitilu huɗu a gaba da sitiyari a inda bai saba gani ba. Washegari da asuba na kama hanya.

Mai motar ya daɗe da rasuwa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a zamaninsa. Uwargidansa na tarar, tsohuwa mai yawan fara'a, zaune kan tabarma tana tsintar wake. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, tun daga Kano ka taso saboda wannan gwangwanin?" Na ce, "Hajiya, a wurinku gwangwani ne, ni a wurina amarya ce." Ta ce masu sayen ƙarfe sun zo ya fi sau goma tana korarsu, don a cikin motar nan aka kai ta asibiti haihuwar ɗanta na fari, ba za ta zauna tana kallo a farfasa ta da guduma ba. Na ce, "Hajiya, in na taɓa ta da guduma, to don in miƙe ta ne." Ba a ranar aka gama ba. Mota ta gado ce, sai da kowane magaji ya amince, har da wadda ke aure a Damagaram. Sau huɗu ina zuwa Nguru.

Tun zuwan farko na roƙi izini na duba ta, kuma ga yadda nake duba tsohuwar mota, ko wani zai amfana. Ba na fara kallon fenti. Banet nake ɗagawa in nemi lambar shasi da aka buga a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. Na goge ƙura da tsumma da ɗan kananzir, sai ga P510 ta fito. Da mai hannun hagu ce daga kamfani, PL510 zan gani. Daga nan na ɗaga shimfiɗar ƙasa na bi daɓen da sukundireba ina dannawa, na leƙa ramin safaya taya a but, na shafa gindin ƙofofi da bayan tayoyin gaba inda laka ke taruwa. Tsatsa ta ci wuri uku kacal. Busasshiyar iskar arewa ce ta cece ta. Da a Legas ko Fatakwal ta yi wannan zaman, da tsintsiya za a kwashe ta. Ɓeraye dai sun yi gida a kujerar baya, sun cinye wayoyin bayan dashbod, rana kuma ta busar da duk wata roba har tana karyewa kamar ƙuli-ƙuli.

Babban ɗan Hajiya ya ce a kawo batir a gwada tayar da ita. Na ce, "Alhaji, don Allah kar a yi." Injin da ya shekara talatin a kwance in ka murza shi da ƙarfi, ringi zai karye ya karce silinda, ka kashe abin da ka zo ceto. Filogi na cire, na ɗura mai a kowane rami, muka ɗora ta a babbar mota muka taho. A gareji kullum da safe sai in ƙara mai in sa sifana a kan fulin gaba in ɗan gwada, ba da ƙarfi ba. A rana ta goma sha ɗaya ya motsa.

Wajen cire kan injin na tara yarana duka, don akwai darasin da ni da kuka na koye shi. Injin L in za ka cire kansa, dole ka cusa wani ɗan katako mai tsini tsakanin sarƙar taimin kafin ka kwance gilar kamshaf. In ba ka yi ba, abin da ke tauye sarƙar daga ƙasa zai fito daga gidansa, kuma ba ya komawa sai ka kwance gaban injin gaba ɗaya. Ina ɗan shekara goma sha shida na yi wannan ɓarnar a kan akori-kurar wani mai kayan gwari da ke sauri ya kai tumatir kudu. Maigida bai dake ni ba. Kujera ya jawo ya zauna, ya ce in kwance lagireto da fanka da fuli da murfin gaba ni kaɗai, in mayar, shi yana kallo. Sai da aka yi kiran assalatu muka gama. Katakon da ya fere mini da wuƙa a daren yana cikin akwatin kayan aikina har yau, ya yi baƙi da mai, kuma shi na cusa a wannan Datsun ɗin.

Kayan inji ba su ba ni wuya sosai ba, don Nissan ta daɗe tana sa dangin wannan injin a motoci da yawa, har da 160J da 180B da akori-kura 620. In ka san tsofaffin 'yan kasuwa a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, waɗanda ke da kwalaye a can saman shago da ƙura ta rufe, za ka samu ringi da gasket da kwantak na asali a cikin takardarsu. Kayan jiki ne tashin hankali: gilashin fitilar baya, robar gilashi, hannun ƙofa, rubutun suna. Waɗannan sai Ostareliya, inda aka harhaɗa irin motar da yawa kuma su ma hannun dama suke tuƙi, ko Japan kanta. Wani dillali ya karɓi kuɗina ya yi wata uku yana ce mini kaya na kan ruwa, ranar da kwali ya iso na buɗe sai ga fitilar 120Y. Da na kira shi sai cewa ya yi, ai duk Datsun ce. Robar gilashin da wani ya kawo mini kuwa, ta jabu, sati biyu ta yi a rana ta tsage.

Aikin jiki shi ne abin da nake alfahari da shi, kuma a nan muka bambanta da masu lafta fila. Inda tsatsa ta ci, yanke shi muke yi har sai mun kai ƙarfe mai lafiya. Sai a auna wurin da kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na motar, a buga shi a kan kututture da guduma har ya ɗauki lanƙwasar wurin. Walda kuma ɗigo-ɗigo ake yi, nan ɗaya can ɗaya, ana bari yana hucewa, don in ka ja wuta a miƙe zafi zai murɗe ƙarfen ya yi tumbi. Gindin ƙofar direba kaɗai ya ci mana kwana tara. Mai fila zai gama wannan kafin la'asar, ya fesa fenti, ya karɓi kuɗinsa, damina biyu ta fara kumbura tana faɗuwa. Sannan a zo mini ana cewa aikina da tsada, wai wane ya ce zai yi a rabin kuɗin. Na kan miƙa wa mutum maganaɗisun nan in ce ya je ya gwada a aikin wanen, in ya manne ya dawo mu yi magana.

Launi ma ba mu yi kame-kame ba. Rana ta mayar da saman motar kamar toka, amma da muka cire robar ƙofa sai ga fentin kamfani a ƙarƙashi, fari mai ɗan ratsin ƙwai, kamar jiya aka fesa. Shi mai haɗa mana fenti ya yi ta gwadawa a kan gutsuren ƙarfe, muna fita da shi rana muna karawa, sai a haɗi na shida ido ya kasa rabewa.

Wani mai sha'awar tsofaffin motoci daga Abuja ya zo ya gan ta, ya ba ni shawara in sa mata kafireta biyu in manna tambarin SSS, wai kuɗinta zai ninka. SSS ita ce mai ƙarfin cikinsu, irin wadda ta yi tseren. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba SSS ba ce, motar ma'aikacin jirgin ƙasa ce mai kafireta ɗaya, haka ta zo haka za ta zauna." Ya kuma ce a mayar da sitiyarin hagu don a riƙa hawa titi, tunda hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da mai hannun dama ba. Wannan ma na ƙi. In za ta je wani wuri a ɗauke ta a mota, a cikin gareji kuma filinmu ya isa ta zagaya.

Ranar da muka tayar da ita, bugu na uku ta kama, ta yi tari ta fitar da hayaƙi, sannan ta daidaita da wannan ƙarar sarƙar da duk tsohon bakanike zai gane ko idonsa a rufe. Na kira babban ɗan Hajiya na ce ya kai mata wayar, na kara tawa kusa da salansa. Shiru na ɗan lokaci, sai na ji ta ce, "Ita ce. Haka take yi in Malam ya dawo daga tasha." Na yi mata alkawarin in an gama ɗinkin kujeru zan ɗora ta a mota in kai Nguru ta gani da idonta.

Abin da ya rage yanzu gilashin fitilar baya na hagu da marfin tankin mai na asali. Duk wanda ke da su a tsohon shago ko ɗakin ajiya, ya neme mu. Haka kuma wanda ya san inda Toyota Corona ta shekarun 1960 take a yashe, mai goshin nan da ya karkata, ko Corolla ta farko ta 1966, ko da babu taya babu gilashi, ya sanar da mu kafin masu sikeli su riga mu. Na sa yara sun fara share ɗaya lungun.