Canki-canka da bayan kwali

Ƙanwata ce ta kawo wasan shagona lokacin da suka sami hutu. Ita kimiyyar abinci take karantawa, ni kuwa tireda ce sana'ata, yini nake cikin kwalaye da gwangwanaye. Sai ta ɗauko kaya daga kan kanta, ta ba ni baya, ta karanto jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, ta ce, "Yaya, canka." Wanda ya kasa, shi zai sayi shayin yamma.

Tun kafin mu yi nisa ta nuna min cewa jerin nan ba a rubuta shi yadda aka ga dama. Abin da ya fi nauyi a cikin kaya shi ne a gaba, sauran na biye har zuwa ɗan mitsitsin. Ƙa'ida ce da ake bi kusan ko'ina a duniya, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ita ma haka take buƙata. Na daɗe ina sayar da kayan nan, ban taɓa sanin rubutun yana da tsari ba.

Wasu ba su ba ni wahala ba. Da ta ce gishiri mai aidin, monosodium glutamate, sitaci, sukari, mai, ban bari ta ƙarasa ba na ce dunƙulen magi ne. Na biyun nan shi ne farin magi da kowa ya sani, wanda wani Bajapane, Kikunae Ikeda, ya gano a 1908 daga ciyawar teku. Abin da ya tsaya min a rai dai shi ne gishiri a sahun farko. Uwargida ta jefa dunƙule huɗu a miya, ta kawo gishiri ta ƙara, sannan maigida mai hawan jini yana mamakin abin da ke damunsa.

Lemon kwalba ne ya fara cin kuɗin shayina. Dukansu da ruwa mai gas da sukari suke farawa, in ka yi gaggawa sai ka faɗi kowanne. Sai ka yi haƙuri a zo wajen wutsiya. In ka ji phosphoric acid da launin caramel da caffeine, baƙin nan ne irin su Coca-Cola. In kuwa citric acid ne da launin ruwan goro, mai ɗanɗanon lemon zaƙi ne. Haka man wanke gashi da man goge baki, sinadarin kumfa iri ɗaya ake iya samu a cikinsu, sodium lauryl sulfate. Sai an ambaci silica da fluoride ka san na haƙori ne. Daga nan na daina tsalle a kan na farko, na koma kasa kunne ga ƙananan, don su ke tona asirin kaya.

Akwai ranar da ta karanto kalma ɗaya tak, petrolatum, ta yi shiru. Na ce ta ci gaba. Ta ce, "Ai ya ƙare, Yaya." Basilin ne. A wata alewa kuma muka ci karo da E414, ashe ƙaro ne, wannan dai da ake tsinta a jikin itace a Sudan da Chadi da dazukan Yobe da Borno, ya je Turai ya dawo mana da lamba.

Inda wasan ya daina zama wasa a wurina shi ne madarar gari. Ta karanto guda biyu. Ta farko madara ce da kitsenta. Ta biyun an cire mata kitsen, an mayar da man tsirrai a gurbinsa, shi ya sa ta fi araha. Ban ga laifin masu yinta ba, tunda sun rubuta, kuma mai ƙaramin ƙarfi ma yana son shayinsa ya yi fari. Amma ni da nake miƙa ta da hannuna, ya kamata in san bambancin. Yanzu in mai saye ya tambaye ni dalilin da wannan ta fi waccan tsada, ba na cewa "kamfani ne kawai". Juya masa ledar nake yi, in sa yatsa a layin farko.