Aikin canjin giyabos: inda muka tsaya a kan rilis boris

'Yan uwa masu koyon kanikanci, ga inda aka kwana a aikin a-kori-kurar da ke garejin ogana a nan Gombe. Tsohuwar Hilux ce mai injin 3L, na dizal ɗin nan mai lita 2.8, tana jigilar hatsi daga kasuwannin ƙauye. Giyabos ɗinta ya gaji, giya ta uku tana fita da kanta, sai mai motar ya sa aka kawo masa wani ɗan Baljiyam daga Kofar Ruwa a Kano. Sauke tsohon bai ba mu wahala ba, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba.

Abin da ya tsayar da mu shi ne rilis boris, wato boris ɗin da ke sa kuloci ya saki idan an taka feda. Mutane da yawa suna zuwa shago su ce "a ba ni na Hilux", alhali Toyota ta sa giyabos iri-iri a wannan mota. Akwai dangin G, akwai W, akwai kuma R wanda ya fi su ƙarfi da nauyi. Sunan mota ɗaya ne, amma cikin ƙoƙon da kuloci ke zama ba lalle ya zo ɗaya ba. Shi kuwa boris ɗin nan da abu uku yake hulɗa. Cikinsa yana zamewa a kan bututun da ke gaban giyabos, wanda sandar shaf ke bi ta ciki. Bayansa yana maƙale da fok, ƙarfen nan mai baki biyu da ke tura shi. Fuskarsa kuma ita ke danna yatsun firesha filet, murfin da ke matse faifan kuloci, wanda yake ɗaure a jikin fulawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, wato ɓangaren inji ke nan. Ka ga ke nan da zarar an haɗa injin wata mota da giyabos ɗin wata, boris ya zama ɗan aike mai iyayen gida biyu.

Oga ya sa muka shimfiɗa buhu muka jera komai a ƙasa. Da na zura tsohon boris a bututun sabon giyabos, sai ya shiga salin-alin, amma da na kama shi da yatsa biyu na girgiza, yana ƙwas-ƙwas gefe da gefe. Irin wannan in an rufe a haka zai riƙa danna yatsun a karkace, kuloci ya riƙa karkarwa wajen tashi, a hankali kuma ya ci bututun. Wanda ya zo maƙale a jikin ɗan Baljiyam ɗin ya zauna daidai, sai dai da na juya shi kusa da kunne na ji yana gurza, ya bushe. Ko da ma lafiyarsa ƙalau, ni ban ga hikimar mayar da tsohon boris ba, tunda kuɗinsa bai kai wahalar sake sauke giyabos ba.

Sai batun fuska, wanda masu koyo ba su cika lura da shi ba. Ku duba bakin yatsun firesha filet. In a miƙe suke, fuskar boris mai ɗan tudu ake sa musu. In bakinsu ya lanƙwaso ya yi tudu, sai a sa mai shafaffiyar fuska. Tsayinsa ma abin aunawa ne: in ya yi gajere, za ka taka kuloci har ƙasa bai gama saki ba, giya ta riƙa ƙara musamman ta baya. In ya yi tsawo, zai zauna yana danne yatsun, kuloci ya riƙa sulɓi a hawa da kaya. Akwai ma motocin da boris ɗinsu jawo yatsun yake yi maimakon turawa, wannan kam ba ya musanyuwa da irin namu ko kaɗan.

Da fok ɗin da tsohon boris da firesha filet muka tafi shago, muka gwada a gaban mai kaya, har aka dace. Yaron shagon ya so ya ce duk ɗaya ne, oga ya ce masa, "Ɗan samari, kawo dai mu auna."

Mun kuma zura kuloci filet a haƙoran shaf mun ga yana tafiya ba cijewa, kan shaf ɗin ma ya shiga ƙaramin boris na tsakiyar fulawil daidai. Giris kaɗan muka shafa a bututu da haƙora da ƙwallon da fok ke lilo a kai, don in ya yi yawa zai fantsama kan filet. Kada kuma wanda ya wanke rilis boris da fetur, man da aka rufe a cikinsa zai tafi.

Yanzu giyabos ya hau, an ɗaure farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya. Saura dawun kuloci, ƙaramar silindar mai da ke tura fok: za mu duba ko sandarsa ta kai ramin fok, mu zuba man birki mu fitar da iska, mu saita wasan feda tsakanin milimita 5 zuwa 15. Daga nan sai a ɗora mata buhuna a bi hanyar Kumo a ji yadda take saki.