Inda na kai da manhajar "wa ake nufi?"

Jama'a barkanmu da warhaka. Ga inda aka kwana a ɗan aikin nan nawa na koya wa kwamfuta ta gane wa ake nufi idan an ce "shi" ko "ita" ko "su" a cikin rubutu. Saboda sababbin cikinmu, abin da masana harshe ke ce wa anafora ke nan, wato kalmar da ba ta tsayuwa da ƙafarta sai ta jingina da wani abu da aka riga aka ambata, aikin manhajar kuma shi ne ta tattara duk ambaton da ke nuni ga mutum ɗaya ko abu ɗaya ta ɗinke su sarƙa guda. Ku duba wannan: "Ministar ta iso. Ta ce ma'aikatarta za ta duba lamarin." "Ta" ɗin farko da ta biyu ministar ce, -ta ɗin da ke maƙale a ma'aikatarta ma ita ce, amma "za ta" ɗin nan ma'aikatar ce, ku kun gane haka ba tare da kun tsaya tunani ba, ita kuwa kwamfuta "ta" guda huɗu take gani iri ɗaya sak.

Abin da na haɗa zuwa yanzu dokoki ne zalla da na rubuta da Python (wani yaren rubuta manhaja), babu wani koyon na'ura a ciki tukuna. Dalili kuwa a fili yake, tsarin da Kenton Lee da abokan aikinsa suka fitar a 2017, wanda ya juya akalar fagen gaba ɗaya zuwa jijiyoyin kwamfuta (tsarin da ke koyo daga misalai), a kan OntoNotes aka horar da shi, wato wani tarin rubuce-rubuce da mutane suka riga suka ja wa sarƙoƙin da hannu, shi kuma OntoNotes Turanci ne da Sinanci da Larabci, su ne harsunan da aka yi gasar irin waɗannan manhajoji ta taron CoNLL na 2012 a kansu, babu Hausa a ciki. To sai na koma wajen magabata. Na karanta hanyar Jerry Hobbs ta 1978, mai hawa bishiyar jimla daga wakilin suna tana lalube ta hagu har ta ci karo da sunan da ya dace, hanya ce mai kyau amma sai kana da abin da zai li'iranta maka jimla daidai, ni kuwa ba ni da shi. Wadda ta fi karɓata ita ce ta Lappin da Leass ta 1994, su maki suke rabawa, sunan da ke cikin jimlar da ake ciki ya samu 100, aikau (mai yin aikin) ya ƙara 80, karɓau (wanda aikin ya faɗa wa) 50, kuma duk jimlar da aka wuce sai a raba makin biyu, wanda ya fi maki shi ya ci. A littattafan bayanin kwamfuta da suka gwada sun samu kashi 86 cikin ɗari. Na ɗauki wannan na haɗa da dabarar 'yan jami'ar Stanford ta 2010 da suke kira rariya, wato a fara da dokar da ba ta cika kuskure ba (suna iri ɗaya ya maimaitu, mutum ɗaya ne), a sauko a hankali, wakilin suna shi ne na ƙarshe.

Amma gaskiya jama'a, rubuta kod ɗin bai ci min lokaci ba. Abin da ya cinye ni shi ne tambayar da take zuwa kafin kod, me ma za a ƙirga a matsayin ambato a Hausa? Duk wanda zai fara wannan harka ina ba shi shawara ya ajiye kwamfutar tukuna, ya samu labari gajere ya ɗauki biro mai kala ya ja layi da hannunsa, a nan zai ga inda gizo ke saƙar.

Ku ɗauki lamirin suna. A Turanci in an ambaci suna ba a ƙara wakilinsa a gefe, mu kuwa dole ne, "Binta ta fita", ba a cewa "Binta fita". To "ta" ɗin nan ambato ne na biyu ko kuwa wani ɓangare ne na aikatau kawai? In na ƙirga shi, sarƙoƙina za su cika da haɗi na banza wanda ko makaho zai dace, maki ya yi sama alhali manhajar ba ta tsinana komai ba, musamman a MUC, ma'aunin auna ƙoƙarin manhaja da yake ƙirga haɗi ɗaya-ɗaya (shi ya sa ma a gasar CoNLL aka haɗa shi da wasu ma'aunai biyu, B-cubed da CEAF, aka ɗauki matsakaici). In kuma na watsar da shi gaba ɗaya na kashe kaina, don a labarin Hausa sai a yi jimla biyar shida ba a sake kiran sunan mutum ba, "ta fita, ta tari mota, ta sauka, ta shiga ofis", lamirin ne kaɗai ke riƙe da ita. Hukuncin da na yanke shi ne, in sunan yana nan daf da lamirin a matsayin aikau, su biyun ambato ɗaya ne, in babu sunan to lamirin ya zama ambato mai zaman kansa. Ina ganin wannan ne adalci, amma a shirye nake in saurari mai wata hujjar.

Sai rikicin rubutu. Tunda ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali, kalmomi da yawa sun zama tagwaye. "Ta" tana iya zama lamiri, tana iya zama ta mallaka kamar "ta Musa", ko ta hanya kamar "ya bi ta baya", ko ta naci kamar "ya yi ta magana". "Mata" kuma ita ce uwar rikici, "ya ce mata" daban, "mata sun taru" daban. "Su Audu sun zo", wannan "su" ɗin ba ya komawa ga kowa a baya, Audu ne da mutanensa. Ga kuma yadda muke taifin, yace, tace, dashi, akanta, inji, duk a manne. Na rubuta ƙananan dokoki na raba su da duba maƙwabtan kalma, misali in "mata" ta biyo bayan aikatau irin su ce, faɗa, kawo, aika, na ɗauke ta wakilin suna, in lamirin jam'i ya biyo ta na ɗauke ta suna. Yana aiki ba laifi.

Wanda ya fi burge ni a duk aikin nan shi ne karɓau ɗin da ba a faɗa. "Ka ga wasiƙar? Na gani." Ina wasiƙar a jimla ta biyu? Babu ta a rubuce amma tana nan. In mutum ne ba mu cika yin haka ba, "Ka ga Binta? Na gan ta." To ya za a yi manhaja ta ja layi a ƙarƙashin abin da babu shi? Sai na lura ashe aikatau da kansa yana tona asiri a wasu wuraren. Ku faɗa a bakinku ku ji: na sayi littafi, na saye shi, na saya. Na karɓi saƙo, na karɓe shi, na karɓa. Na ɗauki jaka, na ɗauke ta, na ɗauka. Wasalin ƙarshe yana canzawa gwargwadon abin da ya biyo baya, -i kafin suna, -e kafin wakilin suna, -a in babu komai, wannan shi ne ajin aikatau na biyu a rabon da masanin nahawun Hausa Parsons ya yi. Ke nan duk inda manhajata ta ga "saya" ko "karɓa" bayan "na" ko "ya" ko "sun" kuma babu karɓau a gaba, sai ta dasa alamar gurbi a wurin ta tafi neman abu marar rai mafi kusa a baya. Ranar da na ga ta haɗa "na karɓa" da "takardar" da ke jimla biyu a sama wallahi daɗi ya kama ni sosai. Sai dai dabarar ba ta kai ko'ina, irin su kama da gyara da karanta a rubuce ba sa canzawa, na gyara mota, na gyara ta, na gyara, bambancin yana a tsawon wasali wanda boko ba ya nunawa, a nan dole in dogara da aya ko waƙafi ko kalma irin "amma" da "sai" in gane jimlar ta ƙare. Kuma dole a tantance da inda aka ciro karɓau aka kai gaba, "littafin da na saya", nan ma akwai gurbi amma mai shi yana cikin jimlar.

Akwai kuma masu kama da wakilin suna alhali ba kowa suke wakilta ba. Ya kamata, ya zama dole, ta yiwu, shi ke nan. Waɗannan jeri na yi musu na ce manhaja ta tsallake. "An" da "aka" da "ake" su ma na cire su, duk da wani lokacin kowa ya san wa ya yi aikin. "Shi ya sa" da "hakan" kuwa suna komawa baya da gaske, amma ga zance sukutum ba ga suna ɗaya ba, na sa musu alama ta daban na ajiye su gefe. "Kansa" ma sai an yi hattara, "Musa ya zargi kansa" Musa ne, dokar ɗauri da masanin harshe Chomsky ya tsara a 1981, wadda ke tantance wa "kansa" ko "shi" zai iya komawa gare shi a cikin jimla, ta yi aiki tsaf, don "ya zarge shi" ba zai taɓa zama Musa ba, amma "Musa ya dafe kansa" kai ne na jiki.

Ta wani ɓangaren kuma Hausa ta yi mana gata. Kowane suna tilo yana da jinsi, saboda haka tace ta jinsi da adadi tana zubar da 'yan takara da yawa tun kafin a je ga maki. Na fara da dokar da kowa ya sani, mai ƙarewa da -a mace ce, na haɗa da jerin masu saɓawa irin su gida, ruwa, suna, sannan garuruwa da ƙasashe duk mata, gwamnati ma mace duk da -i ɗinta. Madanganci ma yana taimakawa, in na ga -r irin na "motar Musa" na san mace ce. Inda take zamewa shi ne in marubuci ya fara da "gwamnati ta ce" ya ƙare da "za su duba", ko jam'in girmamawa, "Malam sun iso", don haka na mayar da saɓanin adadi rage maki maimakon kora gaba ɗaya.

Wannan jinsin ya sa na gane wani abu game da gwajin Winograd, wanda Hector Levesque ya gabatar a 2011 yana ɗorawa a kan misalin Terry Winograd na 1972. Jimloli ne tagwaye da kalma ɗaya ke juya amsar. Shahararren cikinsu in an mayar da shi Hausa: "Kofin bai shiga akwatin ba saboda ya yi girma", kofi ke nan, "saboda ya yi ƙanƙanta", akwati ke nan. Nahawu ba shi da ta cewa a nan, sai ka san cewa ƙaramin abu ne ke shiga cikin babba. Amma da na sa jaka a madadin akwati gwajin ya mutu murus, "ya yi" ko "ta yi" ya riga ya ba da amsa. Duk mai son haɗa irin waɗannan jimloli da Hausa ya tabbata sunayen biyu jinsinsu ɗaya ko duka jam'i ne. Manhajata a kan waɗannan kullum aikau take zaɓa, rabi ta dace rabi ta faɗi, kuma ba na sa ran dokoki za su gyara wannan.

Doka ta ƙarshe da na ƙara ita ce ta "shi kuma". Ku kwatanta: "Musa ya kira Audu, ya ce yana hanya" da "Musa ya kira Audu, shi kuma ya ce yana hanya". A ta farko hankali ya fi tafiya ga Musa, a ta biyu an sauya mai magana, Audu ne. Wato in ana ci gaba da mutum ɗaya lamiri kaɗai ya isa, in za a juya sai a kawo abu mai nauyi, shi kuma, ita kuwa, ko a sake kiran sunan. Wannan ya yi daidai da ka'idar cibiyar zance ta Grosz da Joshi da Weinstein ta 1995, kuma tun 1983 littafin da Talmy Givón ya tattara a kan ɗorewar batu a zance yana da babi sukutum a kan labarin Hausa wanda Philip Jaggar ya rubuta. Na sa manhajar in ta ga wakilin suna ɓallalle tare da kuma, ko kuwa, ko ma a farkon sashe, ta kife makin ta fifita wanda ba aikau ba. "Ma" ɗin tana ba ni matsala don wani lokacin ƙari take nufi ba sauyi ba, ina tunanin cire ta.

Abin da ban taɓa ba tukuna shi ne irin "Na shiga mota, direban yana barci", inda ba a ambaci direba ba amma motar ta kawo shi, wanda Herbert Clark ya kira gada tun 1975. Na barshi sai gaba.

Yanzu buƙatata mutum biyu ne daga cikinku. Zan ba kowa labarai iri ɗaya da 'yar takardar dokokin da na bi, kowa ya ja sarƙoƙinsa shi kaɗai kada ya leƙa na ɗan'uwansa, sannan mu zauna mu ga inda muka saɓa, don in mu masu harshen ba mu yarda a kan wa "ya" ke nufi ba babu dalilin ɗora wa manhaja laifi a wurin. Na fi son a samu wanda karin harshensa ya bambanta da nawa, mai cewa "mai" ko "mishi" a inda nake cewa "masa", saboda jerin wakilan sunan da na rubuta na daidaitacciyar Hausa ne kawai kuma na san akwai gibi a ciki.