Daga Foggia zuwa bukkokin masu tsinkar tumatir

Na sauka daga jirgin ƙasa a Foggia, kudancin Italiya, cikin watan Agusta, kakar tumatir ta kankama. Daga nan na hau bas zuwa Borgo Mezzanone, hagu da dama gonaki iya ganin ido. Bayan ƙauyen akwai tsohon filin saukar jiragen soja, a kansa dubban baƙi, galibinsu 'yan Afirka ta Yamma, suka kakkafa bukkokin katako da kwano da leda. Wayoyin lantarki a ƙasa, tukunyar gas a cikin ɗaki, shi ya sa gobara ba ta yankewa.

Tun kafin asuba dillalan leburori ke jera motocinsu, an cire kujeru an sa benci don a ƙara mutane. Kowa zai biya kusan Yuro 5 kuɗin mota. A gona kuma da akwati ake biya: babban akwati mai cin kilo 300, ladansa Yuro 3 zuwa 4, dillali ya sake yankar nasa a ciki. A irin waɗannan motoci ne leburori 16 suka rasu a haɗura biyu cikin Agustan 2018, alhali tun 2016 doka ta tanadi ɗauri ga dillali da mai gonar da suka ci da gumin leburori.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda takardu ke ɗaure mutum. Dokar shige da fice ta Bossi-Fini ta 2002 ta rataya izinin zama a kan kwantiragin aiki. Wajen sabunta izinin ana neman shaidar wurin zama, bukka kuwa ba ta da adireshi. Mai gida a gari ba zai ba ka haya ba sai ya ga izinin zama da takardar albashi, wani ma da ya ji muryarka a waya zai ce an riga an kama ɗakin. Izinin na ƙarewa, sai aikin ɓoye.

Mai kwantiragin ma bai tsira ba. Kuɗin tallafin rashin aiki na leburan gona sai wanda aka rubuta masa kwana 102 cikin shekara 2 yake samu. Mai gona sai ya sa ka aiki wata guda cur, ya rubuta kwana kaɗan, hunturu ya zo ba ka da sisi. Wani dattijo ɗan Nijar ya buɗe min ƙaramin littafi, duk ya sha zufa, inda yake rubuta kowace rana da sunan gona da yawan akwatuna. "Ɗana," in ji shi, "in ba wannan, me zan kai wa ƙungiyar ƙwadago?"

Da yamma na bi bas na koma Foggia tare da wasu samari da za su kwana kusa da ofishin 'yan sanda, don su kama layin takardu da sassafe.