Ostireliya ta nemi gafara, amma ta jinkirta diyya

Daga wajen 1910 zuwa 1970, hukumomin Ostireliya sun riƙa ƙwace 'ya'yan Aborijin, 'yan asalin ƙasar, daga hannun iyayensu. Wasu aka kai gidajen mishan, wasu gidajen marayu, 'yan mata da yawa aka tura aikatau gidajen Turawa. A canza wa yaro suna, a hana shi yarensa, wani ma a ce masa uwarsa ta rasu alhali tana nan da ranta.

Rahoton binciken da aka miƙa wa majalisa a watan Mayun 1997 ya ce aƙalla yaro ɗaya cikin goma, wataƙila har ɗaya cikin uku, aka raba da danginsa. Ya ba da shawarwari 54, ciki har da neman gafara, biyan diyya, da buɗe takardun hukuma domin mutane su gano 'yan uwansu. Firaminista John Howard ya ƙi, wai mutanen yau ba su da alhakin abin da magabata suka yi. Sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd, wanda ya gaji Howard, ya miƙe a majalisa ya roƙi gafara, tsofaffin da aka ɗauke tun suna ƙanana suna zaune a zauren suna hawaye.

Kar a raina wannan kalma. Wanda aka shekara hamsin ana ƙaryata shi, ranar da hukuma ta ce gaskiyarsa ce, an sauke masa kaya.

Sai dai mu Hausawan Sinnar da Damazin a Sudan mun san yadda ajawid, wato dattawan sulhu, ke zaman sasanci na gargajiya da ake kira judiyya: ba a rufe magana sai an yanke diyya, an sa ranar biya. Nan Ostireliya ta yi sake. Jihar Tasmaniya ta kafa asusun diyya tun 2006, amma gwamnatin Rudd ta ƙi. Sai a 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da dala 75,000 ta ƙasar ga kowane mutum, shi ma ga waɗanda aka ɗauke a yankunan da take mulka kai tsaye. Kafin nan da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a daina ba. Yau yaran Aborijin da ke hannun hukumar kula da yara sun haura 20,000, ninkin-ba-ninkin na 1997. Ana ganin talaucin gida a kira shi sakaci, a ɗauke yaro, maimakon a tallafa wa uwar. Doka ta ce a fara neman kaka ko goggo ko kawu su riƙe shi, amma sau da yawa a hannun bare yake ƙarewa.